Ba Duk Mai Zama Ne Mai Taurin Kai Ba: Martani Kan Gudun Guguwa

Makalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan mahaukaciyar guguwar teku da ke addabar kudancin Amurka kusan kowace shekara ta samu karɓuwa, kuma ban yi mamaki ba. Malam ya iya alƙalami, hukuncin da ya yanke kuma mai sauƙin haɗiya ne. A ganinsa, a wannan zamani da tauraron ɗan'adam ke hango guguwa tun tana tsakiyar teku, duk wanda hukuma ta ce ya bar gida ya ƙi, to ko dai taurin kai ne ko jahilci, in ruwa ya ritsa da shi kuma kada ya zargi kowa. Har ya ba da shawarar a riƙa cin irin waɗannan mutane tara, in an zo ceto kuma a bar su a ƙarshen layi, tunda da gangan suka jefa ma'aikatan agaji cikin haɗari. Wanda ya ƙi ji, ai ba zai ƙi gani ba.

Allah ya ba Malam haƙuri, ni dai ban gamsu ba.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Akwai inda zama ganganci ne tsantsa. Binciken da aka yi a cibiyar kula da guguwa ta Amurka kan mace-macen da suka auku daga 1963 zuwa 2012 ya nuna cewa kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye ruwa ne ya ci su, kusan rabinsu kuma torokon teku ne, wato ruwan da iska ke turowa kan gaɓa ya haye gari. Iskar da ake ta nunawa a talabijin tana yaye kwano ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Mutumin da gidansa ke bakin teku, yana da mota da mai da inda zai sauka, aka ce masa ruwan da ya fi tsayin rufinsa na tafe, ya ce shi sai ya gani da idonsa, wannan ba ni da abin kare shi. A watan Satumba na 2008, kafin guguwar Ike, masu hasashen yanayi sun gaya wa mazauna gaɓar Galveston da zirin Bolivar a Texas ɓaro-ɓaro cewa mai zama a ƙaramin gida mutuwa zai tarar. Wasu suka zauna. A ƙauyen Gilchrist da gari ya waye, sai fili fetal, an share gidaje kamar ba a taɓa gina su ba. Da Malam ya tsaya a kan waɗannan, da ban ɗauki alƙalami ba.

Amma misalin da ya fi dogara da shi guguwar Katrina ce, Katrina kuwa ita ce ta fi kowace shaida rusa masa hujja.

Guguwar ta sauka gaɓar Louisiana da sanyin safiyar Litinin 29 ga Agusta, 2005. Magajin garin New Orleans, Ray Nagin, bai ba da umarnin dole kowa ya fice ba sai safiyar Lahadi, ƙasa da awa 24 kafin ta iso, kuma wannan shi ne karo na farko a tarihin birnin da aka ba da irin wannan umarni. Duk da ƙurewar lokaci, kimanin takwas cikin goma na mutanen birnin sun fita, yankin gaba ɗaya kuwa sama da mutum miliyan ɗaya suka bar shi cikin kwana biyu. Ke nan mutane sun ji, sun kuma bi. Abin tambaya shi ne su wane ne suka rage.

Ƙidayar 2000 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen New Orleans ba su da mota, wato mutum sama da dubu ɗari, yawancinsu baƙar fata talakawa. Tsarin kwashe jama'a kuwa an gina shi ne kacokan a kan cewa kowa zai shiga motarsa ya kama hanya: aka juya hannun manyan tituna duka suka koma masu fita, aka ce bismillah. Motocin safa na haya sun daina tashi tun kafin umarnin ya fito. Bas-bas na birni da aka fito da su ranar Lahadi ba wajen gari suka kai mutane ba, filin wasa na Superdome suka kai su, a tsakiyar garin da ake cewa a gudu daga cikinsa. Ɗaruruwan motocin 'yan makaranta kuwa suna nan a jere a gareji har ruwa ya shanye su, hotonsu ya zaga duniya. Kuma kada a ce hukuma ba ta sani ba. A watan Yuli na 2004 an yi atisayen wata guguwar gwaji da aka raɗa wa suna Pam, inda jami'an tarayya da na jiha suka zauna suka lissafa cewa sama da mutum dubu ɗari ba za su iya fita ba. An san da su shekara guda kafin ruwa ya zo, ba a tanadar musu abin hawa ba.

Sannan a dubi kwanan watan. Ranar 28 ce. Duk ma'aikacin da ya taɓa jiran albashi ya san yadda aljihu yake a wannan rana, ba sai an yi masa bayani ba. Kuɗin fansho da na tallafin gwamnati sai farkon wata suke shiga. Gudun guguwa kuwa ba kyauta ba ne: mai, kuɗin otal na kwanakin da ba a san adadinsu ba, abincin iyali a hanya, ga kuma ladan aikin da mai aikin yini zai rasa. Malam ya kawo karin maganar nan cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kunnen waɗannan bayin Allah ya ji sarai. Ƙafar tafiya ce babu.

Wani abin da makalar ta tsallake shi ne shekarun mamatan. Binciken da aka yi kan gawarwaki 971 a Louisiana ya gano cewa kusan rabinsu sun kai shekara 75 ko sun haura. Tsohuwar da ke kan keken guragu, dattijon da ake yi wa wankin ƙoda sau uku a mako, da ɗiyar da ta ƙi tafiya ta bar su: in wannan ne taurin kai, to akwai buƙatar mu sake duba abin da muke kira zumunci. Da yawa cikin tsofaffin nan ma ba jahilan guguwa ba ne, sun fi Malam da ni saninta. Sun ga Betsy a 1965, lokacin da ruwa ya cinye unguwar Lower Ninth Ward, shi ya sa wasunsu ke ajiye gatari a saman silin don fasa rufi in ruwa ya kore su sama. Gatarin nan ya ceci rayuka a 2005.

Sun kuma ga akasin haka. A 1998 an ce a gudu saboda Georges, ta karkata ta faɗa Mississippi. A watan Satumba na 2004 an sake cewa a gudu saboda Ivan, mutane suka cika hanya, tafiyar Baton Rouge da ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba ta cinye wa wasu yini guda cur, guguwar kuma ta tafi Alabama. Mai kuɗi ya ɗauki wannan a matsayin ɗan hutun da bai shirya ba. Talakan da ya ƙone kuɗin hayar wata a hanya ya dawo ya tarar ko ganye bai faɗi a ƙofar gidansa ba, in ya yi jinkiri a karo na uku, lissafi ya yi. Lissafin ya ci shi, amma lissafi ne.

Har ila yau, ba guguwar ce ta nutsar da birnin kai tsaye ba. Tsakiyarta ta bi ta gabas da shi. Abin da ya sa ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na New Orleans shi ne ɓallewar katangun tare ruwa da sashen injiniyoyin sojan Amurka ya gina, a wurare sama da 50. A mashigin ruwa na 17th Street da na London Avenue katangun sun faɗi tun ruwa bai kai tsayin da aka ce za su iya riƙewa ba, kuma a 2006 su kansu injiniyoyin suka amsa cewa akwai kuskure a tsarin ginin. Wanda ya zauna ya amince ne da katangar da gwamnati ta ce masa za ta tsare shi. Da wasu daga cikin waɗanda ruwa ya ritsa da su suka ce bari su fita da ƙafa ta gadar da ta haye kogin Mississippi zuwa garin Gretna, 'yan sanda suka tare su, har da harbi sama, suka mayar da su. Ga mutanen da Malam ke so a ci tara.

To, a ce kowa yana da mota da kuɗi, kowa ya bi shawarar Malam ya gudu. An gwada wannan ma, ko wata guda ba a yi da Katrina ba. Guguwar Rita ta doso Texas a ƙarshen Satumba na 2005, hoton gawarwakin New Orleans na idon kowa, sai mutanen Houston da kewaye suka tashi gaba ɗaya, sama da miliyan biyu da rabi, har da waɗanda gidajensu ke kan tudu nesa da teku, waɗanda ba wanda ya ce su tashi. Manyan tituna suka cushe. Tafiyar Dallas ta awa huɗu ta koma ta sama da awa 20 ga wasu. Ana tsananin zafi, ma'auni na neman digiri 38, mai ya ƙare a gidajen mai, mutane suka riƙa kashe na'urar sanyaya mota don tattalin ɗan abin da ya rage a tanki. Sama da mutum 100 suka mutu a wannan hijira, galibi saboda zafi da ciwon da ya tashi a hanya. A kusa da garin Wilmer, wata bas ɗauke da tsofaffi daga wani gidan kula da su ta kama da wuta, tukwanen iskar numfashinsu suka yi ta fashewa, mutum 23 suka ƙone. Rita kuwa ta kauce wa Houston, ta sauka kan iyakar Texas da Louisiana, waɗanda ta kashe kai tsaye ba su kai goma ba. An gudu ba a tsira ba. Ban ga wannan labari ko da layi ɗaya a makalar Malam ba, alhali ko wata guda babu tsakaninsa da abin da ya gina hujjarsa a kai.

Darasin Rita ne ya sa a watan Agusta na 2017, da Harvey ta zo, magajin garin Houston Sylvester Turner ya ƙi ba da umarnin ficewa, ko da yake gwamnan jihar Greg Abbott ya shawarci mutane su duba yiwuwar barin gari. Hujjar Turner ita ce ba a zuba mutum miliyan shida da rabi a kan titi a lokaci ɗaya. An zage shi sosai. Amma ruwan da ya sauka, wanda a wani wuri ya haura mita ɗaya da rabi, manyan titunan da za a bi a gudu su ya fara cinyewa, kuma da yawa cikin waɗanda suka mutu a cikin mota ruwa ya same su. Ana iya muhawara kan ko wasu unguwanni sun cancanci a kwashe su tun da wuri. Abin da ba a iya cewa shi ne gudu kullum shi ne hankali, zama kullum shi ne wauta. Su kansu jami'an agajin Amurka abin da suke koyarwa ya fi haka tsari: wanda ruwa zai iya kaiwa gidansa ya tashi, kuma ba sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba, ya dai hau tudu, wanda iska kaɗai ke yi wa barazana, in gininsa mai ƙwari ne, ya shige ɗakin da ba taga ya bar wa masu bukata hanya.

Lamarin tsofaffi da marasa lafiya ya fi kowanne wuya, don kowace hanya akwai gawa a kanta. A gidan tsofaffi na St. Rita da ke kusa da New Orleans an zauna a lokacin Katrina, mutum 35 suka nutse. A 2017, bayan Irma, a wani gidan tsofaffi a Hollywood ta Florida an zauna, wuta ta ɗauke, zafi ya kashe mutum 12. A 2021 kuwa, saboda Ida, an kwashe sama da tsofaffi 800 daga gidaje bakwai aka jibge su a wani sito a garin Independence na Louisiana, wasu suka mutu a can cikin ƙazanta. Mai jinyar da ke tsaye a kan gadon mahaifinsa yana auna zama da tafiya ba wa'azi yake bukata daga wanda ke zaune a inuwa ba.

Sai maganar cewa gargaɗi ya wadatar a zamanin yau. Gaskiya ne hasashen hanyar guguwa ya inganta matuƙa. Amma a watan Satumba na 2022 an shafe kwanaki ana nuna Tampa a matsayin inda Ian za ta sauka, sai ta karkata kudu. Hukumomin gundumar Lee ba su ba da umarnin ficewa ba sai ranar 27, kwana ɗaya bayan maƙwabtansu, guguwar kuma ta sauka ranar 28 da torokon da ya haura mita huɗu a Fort Myers Beach. Kimanin mutum 150 suka mutu a Florida, mafi yawa tsofaffi, gundumar Lee ce kuma ta fi kowace asara. A watan Oktoba na 2023, Otis ta tashi daga ƙaramar guguwa zuwa mataki na 5, mafi girma, cikin kusan kwana ɗaya, ta faɗa wa Acapulco a Meziko da tsakar dare. Ina lokacin shiri a nan? Shi kansa matakin da ake sanarwa, daga 1 zuwa 5, ƙarfin iska kaɗai yake aunawa, bai ce komai kan ruwa ba. Katrina tana mataki na 3 ta sauka, amma ta turo ruwan da ya haura mita takwas a gaɓar Mississippi. Ike mataki na 2 ce. Mutumin da ya ji an ce guguwa ta ragu daga 5 zuwa 3 ya saki jiki, ma'aunin da aka ba shi ne ya yaudare shi.

In Malam na son ganin abin da ke sa mutane su tashi, ya bar Amurka ya leƙa Bangaladash. Guguwar watan Nuwamba na 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a can, ta 1991 ta kashe kimanin 138,000. Sidr ta 2007 ta kashe dubu uku da wani abu, Amphan ta 2020 kuwa ba ta kashe 50 ba a ƙasar, bayan an kwashe sama da miliyan biyu. Ba tara aka ƙirƙiro ba. Tun 1972 aka kafa shirin 'yan sa-kai tare da ƙungiyar agaji ta Red Crescent, dubun-dubatar mutanen ƙauye, maza da mata, masu yawo da keke da lasifika suna ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtansu. Aka gina dubban mafaka na siminti a kan ginshiƙai, a inda ƙafa za ta iya kaiwa, waɗanda makarantu ne a ranakun lafiya. Da aka lura manomi ba ya tafiya ya bar saniyarsa, sai aka riƙa tara tudun ƙasa kusa da mafaka don dabbobi. Da aka lura mata na ƙin zuwa saboda cakuɗuwa da maza, aka fara ware musu ɗaki da banɗaki, aka ƙara yawan mata cikin 'yan sa-kai. A jihar Odisha ta Indiya ma haka: kimanin mutum 10,000 a 1999, amma da Phailin ta zo a 2013 aka kwashe kusan miliyan ɗaya, mamatan ba su kai 50 ba. Talakawan nan ba wani sabon hankali suka yi ba tsakanin shekarun. An tambaye su abin da ke riƙe su, aka cire shi. Amurka ma ta ɗan koyi wannan: da aka ga mutane da yawa sun ƙi hawa jirgin ceto saboda an ce su bar karnukansu, a 2006 majalisa ta yi dokar da ta wajabta a sa dabbobin gida cikin tsarin kwashe jama'a. Mai karatu na iya murmushi da jin zancen kare, amma ya tuna da akuyar da ita ce duk bankin wata tsohuwa.

Mu nan guguwar teku ba ta iso mana, amma wannan wa'azi mun san shi. Duk damina sai an sanar cewa mazauna bakin kogi su koma kan tudu, musamman in za a saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar a 2012 da 2022. In ruwa ya ci gari, sai a ce ai an gargaɗe su. Wane tudun, gonar wa, wa zai tsare musu rumbu daga ɓarayi, ba a cika faɗa ba. Mutanen Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle musu cikin dare a watan Satumba na 2024 barci suke yi a gidajensu.

Ita kuwa tarar da Malam ke nema, ba sabuwa ba ce. Bayan Ike, jihar Texas ta yi doka a 2009 da ta ba jami'ai ikon fitar da mutum da ƙarfi, ta kuma ɗora wa wanda ya ƙi fita kuɗin ceto shi. Mai gidan shaƙatawa a bakin teku zai biya bai ji a jikinsa ba. Wanda rashin kuɗin mai ya zaunar, in ya san kiran agaji bashi zai jawo masa, jinkirta kiran zai yi har ruwa ya kai wuya, a lokacin da ceton ya fi haɗari ga ma'aikatan da Malam ke tausaya wa. Batun a bar wasu a ƙarshen layi kuma, ban san yadda mai tuƙa kwalekwale zai tantance a kan rufi wane ne ya ƙi tafiya, wane ne ya kasa ba.

New Orleans da kanta ta amsa wannan muhawara shekara uku bayan Katrina. Da Gustav ta doso a ƙarshen Agusta na 2008, an ba da umarni da wuri, an ware wuraren taruwa a unguwanni, aka kawo bas-bas da jiragen ƙasa suka kwashi kimanin mutum 18,000 marasa abin hawa, har da masu keken guragu da dabbobinsu. Kusan mutum miliyan biyu suka bar kudancin Louisiana, birnin ya zama kamar an share. Unguwannin nan ne dai, talakawan nan ne dai da aka kira masu kunnen ƙashi a 2005. Da mota ta tsaya a bakin layinsu, sun shiga.